Wutsiyar Maraƙa a Wuyan Sandar Baba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Mai kaɗi ta ajiye mazari, mai sussuka ta jingine taɓarya, ga magana nan tafe da ƙafarta. Ba tatsuniya ba ce, don wadda ta yi abin da hannunta ita ce zaune gabanku. Sandar da zan ba ku labarinta kuwa tana nan soke a rufin ɗakina, mai musu ya ɗaga kai ya duba.

Garinmu yana bakin gulbi ne, tsakanin Gidan Rumji da Gidan Sori. Gulbin namu baƙo ne. Da damina yake zuwa daga kudu, ja wur, da kumfa da itace da kifi, in kaka ta wuce ya tafi ya bar mana rairayi da ƴan tafkuna. Baba masunci ne, amma ba irin masu koma da taru ba. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wani Nasara ɗaukar kaya damina biyu, wanda aka turo auna ruwan gulbi, da zai koma ƙasarsu sai ya bar mashi sandar fatsarsa. Gora ce siririya mai lanƙwasa, gaɓa uku. Kowace gaɓa ana cusa ta cikin ƴar'uwarta ta wani bututun tagulla mai kaurin yatsa, in an haɗa su duka ta fi dogon namiji tsawo ko ya ɗaga hannu. Ba a sa wa ƙugiyarta tana. Gashin zabo Baba yake ɗaura mata da jan zare har ta yi kama da ƙwaro, ya kaɗa igiyar a sama gaba da baya, ya sauke ta kan ruwa a hankali kamar ƙwaron ne ya faɗo. Mutane sun yi ta dariya, wai ɗan wane yana yi wa kifi ado maimakon ya ba shi abinci. Da suka ga karfasa na cika mashi ƙwarya, dariyar ta koma roƙo.

Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, don haka ni ya koya wa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da komai ba sai uwata. Ya koya mini cewa lafiyar sanda a kunne ake jin ta. Kafin ya haɗa, sai ya goga bakin gaɓar a gefen hancinsa ta ɗauki maiƙo, yadda ya ga Nasaran na yi. In ya zo zarewa sai ya kasa kunne. Idan bututu ya ce fut, kamar an cire toshiyar buta, to lafiya lau yake.

Akwai kuma abin da ya zama al'ada a garin ba tare da kowa ya kafa ta ba. Kowace shekara in bazara ta yi nisa, Baba yakan yi kwanaki yana duban gabas, yana duban tururuwa, yana shaƙar iska. Ran da zuciyarsa ta kwanta, sai ya fito da sanda daga jakar fatarta, ya haɗa, ya gangara cikin busasshen gulbi, ya yi jifa uku a kan rairayi don hannunsa ya tuna. Shi don kansa yake yi. Amma mutane suka lura ruwa bai cika daɗewa ba bayan jifan nan, sai ya zamana ran da tsoho ya haɗa sanda, ran nan ake fasa rumbun iri a fara binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. Liman ya sha faɗa cewa ruwa na Allah ne, ba na gora ba. Baba ya ce gaskiyar liman. Amma shi ma liman bai taɓa fitar da nasa irin ba sai ya ga sanda a haɗe.

Sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ta biyu ko gwiwar bai kai ba, gulbi kuma ya leƙo kwana huɗu ya koma. Auren gida aka yi mini, mijina ɗan ƙanen Baba ne, duk gida ɗaya muke, gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Da ido da gwiwa suka fara gaza wa Baba, sai ya miƙa gandun ga wan mijina, wanda nake kira Yaya. Mijina ya tafi kudu tun kaka neman abin da zai aiko, ba shi ba labarinsa. Muka ci dusa, muka ci ganyen da a da ko akuya sai ta yi shawara, muka tone gidan tururuwa muka ƙwace abin da suka tara. Anza, ƴaƴan wani itacen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu a iya haɗiya. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, damin iri guda, zaɓaɓɓun zangarniyoyi, a ƙaramin rumbu da aka liƙe bakinsa da laka. Ɗiyana mata biyu sukan je su jingina da rumbun nan da rana, wai inuwarsa ta fi sanyi. Na san ba inuwa suke nema ba, ƙamshi ne.

Wata Asabar da hantsi Baba ya fito da jakar fata. Duk gidan muka kewaye shi. Ya goga, ya cusa gaɓar tsakiya cikin bututun ƙasa, sai muka ji ƙas, ƙara kaɗan, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Tagullar ta tsage daga baki zuwa ƙasa, tsawon gaɓar yatsa. Ya girgiza sandar, tsakiyar ta yi lilo kamar haƙorin tsohuwa. Ya zare, ba ta ce komai ba. Ya maida gaɓoɓin cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ɗakinsa, ya kwanta ya juya fuska ga bango. Da Yaya ya bi shi da maganar iri, ya ce mashi ya yi yadda ya gani, shi dai ya gama.

Kafin azahar Yaya ya yanke magana. Ranar Juma'a in an sauko masallaci za a fasa rumbu, a sussuke irin, a daka a yi guzuri, washegari a kama hanyar kudu. Ba mugu ba ne Yaya, kada ku ɗauke shi haka. Autarsa ta kai ba ta iya kuka sai buɗe baki, kuma gidaje da yawa sun riga sun ja ƙyaure sun tafi. Amma ni na ga waɗanda suka ci irinsu a shekarar farko, ba wanda ya dawo. Kuma Baba ko Gidan Sori ba zai kai da ƙafarsa ba, a hanya za mu rufe shi.

Ban taɓa tare Yaya da magana ba, wan miji ne. Na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa, na ce:

"Yaya, sanda ce ta tsage, ba sama ba."

Ya tambaye ni ko tun da nake na taɓa ganin mace ta yi ƙira. Na ce ban gani ba, amma a bar ni da ita zuwa Juma'ar. Ya ce in sandar ta tashi kafin Juma'a, tsoho ya gangara ya jefa da hannunsa, iri ya zauna. In ba haka ba, kada in sake tare shi.

Washegari na goya gaɓar ƙasa a bayana cikin zane, na taka zuwa Gidan Rumji. Kasuwar ba hatsi, sai fatu da tukwanen da masu tafiya ke rabuwa da su, ga kamyo biyu, manyan motocin kaya, mutane na rataye a jikinsu kamar jemagu. Maƙerin da na je wurinsa tsoho ne mai ido ɗaya, ya san Baba. Ya juya bututun a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce tagullar ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, in ya kai ta wuta narkewa za ta yi, gorar kuma ta kama kafin ya gama bismilla. Sannan ya dube ni da idon nan guda.

"Ɗiyar masunci, kifin da za ki kama ɗin, da sungumi za ki tono shi ko da dagi? Kwaɗin gulbin ma na ga sun hau kamyo."

Masu zaman maƙera suka kwashe da dariya. Ya ce in bar mashi tagullar ya yi mini zobe, ko ba komai in shiga kudu da ado. Na ce bara za a je yi a kudu, ba biki ba, na karɓe kayana. Ya bi ni da murya wai in ajiye mashi kan kifin. Na ce zan ajiye.

Litinin na samo ƙaro a jikin wata farar ƙaya, na narka, na shafe tsagar, na naɗe da zaren da na kaɗa da kaina, na sake shafewa. Ya bushe yana ƙyalli, na ce na gama. Na haɗa a bayan ɗaki inda ba mai gani, na kaɗa sau ɗaya, ƙaron ya farfashe ya zube kamar gishiri. A rijiya kuwa magana ta riga ni. Wata ta ce in na tashi suya in kira ta ta kawo mai. Wata ta ce a'a, kifin rairayi ba ya son mai, ɗanye ake taunarsa ana jin garas-garas. Guga na ja, ya fito rabi laka.

A bayan gari akwai wata Bafillatana da suka sauka da shanunsu tun shekarar farko. Muna ƙawance, a da ita ke kawo mini nono in ba ta gero. Garken ya ƙare ƙaf sai maraƙa ɗaya, mijinta kuma ya bi dangi neman inda ciyawa ta rage. Talata da safe na biya wurinta, na iske ta zaune gaban maraƙar, an yanka ta kafin ta mutu a banza. Ba komai a jikinta sai ƙashi da fata. Na yi mata jaje kamar na mutum, don a wurinsu kusan haka ne. Ta ga abin da ke goye a bayana, ta tambaya, na nuna mata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta jawo tsohuwar sandar kiwo daga bukka, ta nuna mini inda ta taɓa tsagewa. Wata baƙar fata ce ta rungume wurin, ba ɗinki ba ƙulli, tauri kamar ƙaho. Ta ce fatar wutsiya ce. Ana zare ta ɗungum ba a tsaga ba, kamar a tuɓe riga, a zura a sanda tana ɗanya, in ta bushe ta tsuke, ba mai raba su kuma sai wuƙa.

Ta yanke ƙarshen wutsiyar maraƙar, inda kaurin ya yi daidai da yatsa, ta miƙo mini. Na ce ba ni da abin ba ta.

"Ƙawa, nagge ta tafi, ƙuda nawa wutsiyar za ta kora mini? Ɗauki. In kin girbe ki tuna da ƙwaryata."

Na koma gida na kankare gashin, na zare fatar, na zura ta a kan bututun har ta rufe tsagar. Ta ce mini a inuwa ake busarwa, amma ni Juma'a nake gani, sai na ɗora a kan danga cikin rana tsaka. Akwai kuma abin da ni da ita duka ba mu yi tunani ba. Sandar kiwo cikinta a cike yake. Bututu rami ne.

Laraba da safe na ɗauko. Fatar ta ƙame, ta matse tagullar har leɓen tsagar ɗaya ya hau kan ɗaya, bakin bututun ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zare. Gaɓar tsakiya ta ƙi shiga. Na tura, na murɗa, na tofa yawu, ta ƙi. A ƙofar ɗakin Baba nake zaune don nan ne inuwa. Kwana huɗu ke nan bai ce uffan ba, in an kai mashi anza ya ture. Na samo tsinken ƙarfe da dutse, na ce da ƙarfi zan buɗe bakin. Na buga sau ɗaya.

"Uwata, in kika ƙara bugun nan, da ke da dutsen zan jefa rijiya."

Na miƙa mashi ta ƙofa. Ya shafa da yatsu daga sama har ƙasa, sai ya soma faɗa. Wa ya taɓa ɗaure abu mai rami wofi, babu ɗan'uwansa a ciki. Wa ya taɓa sa ɗanyar fata a rana in ba mai kilishi ba. Shekara nawa ina biye da shi a bakin gulbi, ashe jaki yake koya wa. Wa ya ba ni wutsiyar, na ce Bafillatana, ya ce ita dai ta san abin da take yi, Allah ya yi mata albarka, ta ba wawuya. Ni kuwa ina durƙushe ina jin faɗan nan kamar ana zuba mini ruwan sanyi a ka, don tun yana kwance ya soma, a zaune ya ƙarasa.

Ya ce a sake jiƙa fatar. Ruwan shana na ranar na juye a ƙoƙo na tsoma. Sai la'asar ta saki. Baba ya zame ta baya, ya sa tsinken itace mai santsi ya yi ta lallaɓa bakin tagullar, kaɗan-kaɗan, har leɓe ya koma ya tarar da leɓe. Ya ɗauki gaɓar tsakiya ya goga a gefen hancinsa, ya shafa, babu. Ya ce in matso, ya goga a nawa, ya shafa, babu. Ya ce gidan nan har hanci ya yi fari. Ranar na sake jin dariyarsa, gajeriya, da tari a ƙarshenta. Ƙwallon aduwa muka fasa, na niƙa a dutse har ya yi gumin mai, ya shafa wa gaɓar, ya cusa ta ta zauna daram. Ya naɗa gashin wutsiyar doki a kan tsagar, irin wanda yake tufka igiyar fatsa da shi, sannan ya jawo fatar ta rufe, ya datse bakinta da aska don kada ta haye gaɓar tsakiya ta haɗe su har abada. Ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ya ce safe da rana za a riƙa murɗawa kaɗan don kada su liƙe, kuma kwana uku, ba ragi.

Na ce, Baba, kwana uku Asabar ke nan, Yaya Juma'a ya ce. Ya ce fata ba ta san Juma'a ba. In aka kaɗa sandar tana da danshi za ta zame, kuma babu sauran maraƙa a ƙasar nan. Na roƙe shi ya yi wa Yaya magana. Ya ce shi ya miƙa gandu, ya kuma ce a yi yadda aka gani, ba ya lashe abin da ya tofar. Ni na tare Yaya, ni zan ƙarasa.

Juma'a ta zo. Da aka sauko masallaci Yaya ya shigo da fartanya zai fasa lakar rumbu. Turmin gidanmu ɗaya ne, babba, na kirya. Na riga na mirgino shi tsakar gida, na kife, na hau na zauna, taɓarya a cinyata. Yaya ya tsaya. Ya ce alkawari Juma'a ne. Na ce haka ne, ban musa ba, na saɓa da kwana ɗaya, kuma laifina ne, ni na sa fata a rana. Ya ce in sauka. Tun da na zama matar ƙanensa ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba sai ran nan.

"Yaya, sai dai ku ɗaga ni da hannunku. Ni ba na sauka sai gobe."

Wan miji ba ya taɓa matar ƙanensa, ko gefen zanenta. Ya sani, na sani. Ya juya ga matarsa ya ce ta shiga maƙwabta ta aro turmi. Ta fita da autar a bayanta, kan yarinyar na lilo, na kasa duba. Ta daɗe. Ta dawo hannu wofi, ta ce duk gidan da ta shiga daka ake yi. A garin da aka yi wata uku ba a ji ƙarar taɓarya ba. Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya yar da fartanya ya fice.

Na zauna a kan turmin nan har rana ta yi ja. Gindin turmi ya gasa ni, inuwa ta zo ta wuce. Ɗiyana suka zo suka tsaya suna dubana, ƙaramar ta tambaya ko yau za a yi tuwo, na ce ba yau ba. Kada ku ɗauka zuciyata dutse ce. Na san in autar Yaya ta cika a ranar, a wuyana take. Uwarta ta zo wucewa da tulu, ba ta dube ni ba, ta ce a hankali:

"In ɗiyar nan ta mutu ba ni yafe maki. In kika sauka ma ba ni yafe maki."

Asabar da hantsi Baba ya ce a jawo. Ya danna fatar da farce, farcen ya zame. Ta yi baƙi, ta yi tauri kamar ta Bafillatana. Ya kama gaɓa biyun, ya kai su kusa da kunnensa, ya murɗa, ya ja. Ta ce fut.

Ya haɗa ukun, ya zura igiya, ya ɗaura gashin zabo. Ya dafa kafaɗata muka gangara. Ban san yadda aka yi gari ya ji ba, amma kafin mu kai rairayi duk wanda ya rage yana biye da mu, har liman, wai hanyarsa ce ta biyo ta nan. Jifan farko igiyar ta zube a ƙafar Baba. Ba wanda ya yi dariya. Na biyu ta miƙe kaɗan, gashin ya sauka a rairayi can gaba. Sai ya ce kafaɗarsa ta ƙare, ya miƙo mini.

"Uwata, cika."

Na gyara ɗaurin zane, na karɓa. Na kaɗa baya, na kaɗa gaba, na ba ta duk ƙarfin da anza ta bar mini. Sandar ta lanƙwashe har wuya, idon kowa na kan baƙar fatar nan. Ta riƙe. Igiyar ta tafi ta miƙe sambal, gashin zabo ya sauka a tsakiyar gulbi, inda ruwa ke kai wa namiji ƙirji in akwai ruwan. Mai maganar suya ta ce daga baya, kifi ya ci? Na ce ya ci, ta je ta ɗauko man.

Yaya yana tsaye a kan gaɓa, bai sauko ba. Da muka hau ya ce ya ga jifa, iri ya zauna, amma shi ba zai iya zama yana kallon ɗiyarsa tana ƙarewa ba. Baba ya ce a fasa rumbu a raba damin biyu. Ni da kaina na tada turmin da na kife. Ni da matar Yaya muka sussuke rabonsu, muka daka, da muka gama ta ɗebi gari cikin tafi ta zuba wa ɗiyana a hannu. Namu rabon na ɗaure a zane. Da la'asar na ɗauki sungumi na nufi gonar da ke kusa da gulbi, ina sara, ɗiyana na zuba iri suna rufewa da diddige. Na ɗaga kai na ga ba mu kaɗai ba ne. Waɗanda suka yi ta rantsuwa ba su da ko ƙwaya sun fito da iri, wani daga cikin matashin kai, wani daga tulun da ya binne a ɗaki.

Ba zan ce maku ruwa ya sauka washegari ba, ƙarya ba ta kamace ni ba. Kusan sati uku irin nan yana kwance a ƙasa mai zafi, ina gadinsa daga ɓera da tsuntsu da mutum. Da ruwan ya zo ya tsiro, sai kuma sama ta ɗauke, na kan tudu ya ƙone. Na kwari ne ya tsira. Abin da muka girbe bai cika ƙaramin rumbun ba, amma namu ne, kuma kafin a daka ko zangarniya ɗaya sai da na ware iri.

Maƙeri ya samu kan kifinsa. Da gulbi ya zo na kama karfasa ba ta fi tafin hannu ba, muka ci jikin, na busar da kan na kai mashi har maƙera, na ajiye a kan uwar maƙera gaban abokan dariyarsa. Ya rataye shi a ƙofa har ya mutu. Bafillatana na cika mata ƙwarya da kaka. Mijinta ya dawo da tumaki biyu ba saniya, suka tashi suka yi arewa, ban sake ganinta ba. Autar Yaya ta kai kudu da rai, ta girma, ta yi aure can, ban taɓa ganin ɗiyanta ba. Yaya ya zama mai ɗaukar kaya a wata kasuwa, ya rasu a can, gonarsa ni na noma ta. Matarsa ta dawo da tsufa, muka yi shekaru muna zama tabarma ɗaya, maganar turmi ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, ni ma ban tayar ba. Mijina ya dawo bayan girbi da buhun garin rogo da tarin da bai rabu da shi ba. Baba ya ga damina biyu bayan wannan. Bai ƙara jifa ba, sai dai in kai shi bakin ruwa ya zauna, in na zare sanda ya kasa kunne.

Ni kuwa ga ni. Geron da kuka ci jiya jikan wancan rabin damin ne. Fatar ba ta motsa ba har yau, bututun sama ne ma ya fara sassautawa, kuma na riga na gaya wa mahauci in ya yanka maraƙi ya ajiye mini wutsiyar.